Ranar da Muka Shanye Giyar Warwick

Duk kwarinmu, daga gadar Motueka har gonakin da ke gindin duwatsu, babu wanda ya taɓa dafa giya a garejinsa bai sha zagin Noeline Pardoe ba. Matar yayana ce, marigayi Alby, don haka rabona na zagin ya fi na kowa, ko da yake ni ban taɓa dafa komai ba in ba ruwan shayi ba.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, da ɗan ƙaramin hanci wanda in ka gani ba za ka ce yana da wani aiki a duniya ba. Tana budurwa ta zo kwarin nan, cikin 'yan matan da ake kwasowa da kaka don tsinkar furen hop, furen nan na kuranga da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Da aiki ya ƙare sauran suka koma birni, ita ta zauna, saboda tsohon da ke kula da ɗakin busar da fure ya lura tun daga bakin ƙofa take gane cewa wuta ta yi yawa. A wannan ɗakin ta ƙare ƙuruciyarta, a nan ta haɗu da Alby, a nan furfura ta same ta. Takan ɗebi fure ta murza tsakanin tafukanta har garin nan rawaya ya manne mata, ta kifa hanci, sannan ta ce a sauke ko a ƙara jira. Ba a taɓa jin ta yi bayani ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya nema ba.

Abin da baƙi ba sa ganewa shi ne, Noeline ba ta son giya ko kaɗan. Shayi take sha, baƙi ƙirin, ba sukari. Abin da take so furen ne, kuma a ganinta giya hanya ce kawai da ƙattin maza marasa wanke kwalba suka ƙirƙiro don su lalata mata wahalar shekara. Wannan ƙiyayyar ce ta sa aka ɗora ta a kan alƙalancin gasar da muke yi kowace shekara bayan an gama girbi. Wanda ke son abu yana iya yi masa uzuri, ita kuwa ba ta da uzurin da za ta ba kowa.

Gasar tamu ta filsna ce, giyar nan fara tas wadda ba ta da wurin ɓoye laifi. Irin tamu cika ta ake yi da fure, in an dace tana ƙamshin lemun tsami da ɗanyar ciyawa, ta bar ɗaci mai tsabta a maƙogwaro. In ba a dace ba, Allah ya sawwaƙe. Kowa yakan kawo akwatinsa na kwalabe marasa suna, a jere su bayan labule a cikin tanti. Ni ne mai zubawa. Ni kaɗai na san kwalbar wane ce wannan, kuma dokar Noeline ce, in na ajiye mata kofi, in koma bayanta in tsaya kamar turke, ba tari, ba gyaran murya. Ita kuma dole ta haɗiye kowace kurɓa, don ta ce masu ɗanɗana ruwan inabi ne ke tofarwa, ɗacin fure sai ya wuce maƙoshi ake saninsa. Doka ta ƙarshe ita ce wadda muka fi girmamawa. Duk wanda ya yi nasara, a buɗe akwatinsa a zuba wa kowa da ke cikin tantin, kowa ya shanye ya kife kofinsa a kan tebur. Barin saura cin mutuncin mai giya ne da na alƙaliya. Na taɓa ganin Noeline ta kori wani baƙo har bakin motarsa saboda ya tsiyaye tasa cikin ciyawa.

Gaskiyar magana, rabin masu zuwa ba don giya suke zuwa ba, don su ji bakinta ne. Su zauna a kan damin ciyawa, da burodi da gasasshen naman tunkiya a hannu, suna jira ta ce wannan jiƙaƙƙen kwali ce, waccan ruwan dafaffen kabeji. Wanda aka zaga ya fi kowa dariya, ya koma gida ya sake wanke tukwanensa. Da haka giyar kwarin ta gyaru, har samarin nan masu gemu suka fara zuwa daga birni suna juya kofi a gaban haske, suna magana doguwa wadda ba ta da kai ba ta da gindi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gyaruwa ba, Warwick Tunnicliffe, wanda ya yi ritaya daga tuƙa motar 'yan makaranta. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kan halinsa. Amma a garken awakinsa yake dafa giya, a kwamin da suke shan ruwa yake ɗauraye kwalabe, ga shi hayaƙin lofe ya kashe masa harshe tun da daɗewa. Kowace shekara shi ne na ƙarshe, kowace shekara sai ya dawo da murmushinsa.

"Bana na canja fure, Noeline," zai ce bayan an tashi.

"Ka canja awaki," za ta ce.

A shekarar da nake ba da labari kuma, Marama ta shiga gasar karo na farko. Ita ce ta gaji Noeline a ɗakin busarwa, a hannunta ta koyi murzar fure, kuma a hannunta ta sha faɗan da zai sa wata ta bar garin. Kowa ya san in dai ta yarda ta kawo giya gaban Noeline, to ta tabbata da abinta.

Cikin sanyin wannan shekarar Noeline ta yi wata mura mai tsanani wadda ta kwantar da ita. Bayan ta tashi na je duba ta, na tarar da sabulun wanka da gwangwanin gahawa da lemun tsamin bishiyarta duk a kwandon shara. Tagogi a buɗe, ita kuma tana zaune da rigar sanyi biyu.

"Kai ba ka jin warin?" ta ce.

"Warin me?"

Ta buɗe firiji ta ɗauko ɗan ƙullin furen bara, ta miƙo mini.

"Murza."

Na murza na shinshina. Fure ne lafiyayye, na gaya mata haka.

"Ni mushen ɓera nake ji," ta ce. "Wanda ya ruɓe a bayan kabad. Gahawa ƙonanniyar taya, lemo fitsarin kyanwa. Likita ya ce murar ce ta taɓa mini hanci, wataƙila ya dawo daidai, wataƙila ba zai dawo ba. Ka ji aikin da aka tura shi makaranta ya koyo."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma na san in ta gani a fuskata sai ta jefe ni da buta. Sai na ce ta gaya wa kwamitin gasa su nemi wani alƙali bana, ta huta.

"Su nemi wa? Mai gemun nan da ke cewa giyarsa tana tuna masa da ƙuruciyarsa? Ka ji ni da kyau, Desmond. In wannan maganar ta fita daga kicin ɗin nan, na san bakin da ya fitar da ita, kuma na san inda yake kwana."

"To yaya za ki yi? Kowace kwalba mushen ɓera za ki ji."

"Hancin bai mutu ba, tsohon banza, juyewa ya yi. Na gwada shi. Abin da ya fi ƙamshi shi ya fi yi mini ɗoyi. Furen da ya fi kyau shi ya fi tayar mini da zuciya. Saboda haka wadda na fi kasa haɗiyewa ita ce ta ɗaya, shi ke nan."

"In kuma mai ɗoyin gaske ce fa?"

"Ba na jin na gaske yanzu. Madara ta lalace mini a firiji, na zuba a shayi na sha, sai da na ga gudaji a gindin kofi na sani."

Na yarda, don dabarar ta yi kama da mai ma'ana. Ashe lalacewar madara daban, abin da ke fitowa daga garken Warwick daban.

Ranar gasa aka yi rana mai kyau, tanti ya cika har wasu suna tsaye. Noeline ta zauna da tulun ruwanta da busasshen burodi na goge harshe. Na fara kawowa. Idonta dai lafiyarsa ƙalau, duk wadda ta gurɓace ko kumfarta ta mutu da wuri ta ture ta gefe tun kafin ta kai hanci. Sauran kuwa ta shinshina, ta kurɓa, ta haɗiye, kuma ni da ke bayanta ina ganin yadda wuyanta ke ƙin karɓa. Bana zagin ba na wasa ba ne, daga cikinta yake fitowa.

"Wannan safa ce da aka manta cikin takalmin ruwa."

Tanti ya ɗauki dariya.

"Wannan kuwa mai ita ya je ya duba rijiyarsa, wani abu ya faɗa ciki."

Aka sake dariya, mai giyar har da buga cinya. Babu wanda ya lura cewa waɗanda ta fi zagi su take turawa hannun dama, wurin da take ajiye na kirki.

Da na buɗe kwalbar Marama a bayan labule sai da na tsaya. Ni ba gwanin giya ba ne, amma na girma a kwarin nan. Ƙamshin ɗakin busarwa ne a shekarar da aka yi albarka, lemun tsami da sabuwar ciyawa, ga kumfa fara mai kauri da ta zauna daram. Na ajiye wa Noeline, na koma wurina. Ta kai hanci, kanta ya yi baya. Ta kurɓa, idanunta suka kawo ruwa, ta haɗiye da ƙyar, ta ci burodi. Ta tura kofin can ƙarshen dama. Na ce a raina, to, mun tsira.

Sai kwalbar Warwick. Ina cire murfi ta yi tsartuwa, kumfa ta biyo hannuna har gwiwar hannu, warin kuma ya cika bayan labulen. Ban san yadda zan kwatanta shi da ladabi ba. Tumbuɗin jariri ne da ya kwana a wuyan riga, a ƙarƙashinsa hamamin bunsuru, can ƙasa kuma wani tsami kamar na tsumman goge tebur. Da baki na riƙa numfashi ina zubawa. Abin takaici, da kumfar ta kwanta sai ga giya garau, don ta daɗe a ajiye duk dattin ya sauka gindin kwalba. A ido ba ta da laifi ko ɗaya.

Na ajiye mata. Ta shinshina, na ga bayan wuyanta ya yi fari. Ta kurɓa ta riƙe a baki, ta dafa tebur da hannu biyu, ta haɗiye, jikinta ya girgiza tun daga kafaɗa. Sannan ta ɗauki kofin ta fara kai shi dama.

Na yi tari. Tun da nake wannan aikin ban taɓa yi ba, amma ranar na yi, da ƙarfi kuwa.

"Desmond," ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "in mutuwa za ka yi, ka fita waje ka yi."

Aka yi dariya. Ta ajiye kofin Warwick gaba da na Marama.

Da aka gama ta sake gwada biyun nan, ta sake shan wahalarsu, sannan ta ɗaga wanda ya fi galabaitar da ita sama, yadda take yi kowace shekara. Faɗin suna aikina ne. Na duba ko'ina ban ga hanyar gudu ba.

"Warwick Tunnicliffe," na ce.

Noeline ta juyo ta dube ni, karo na farko a ranar. Warwick ya miƙe, lofensa ya faɗi ƙasa bai ko kula ba. Ya cire hula, hawaye suna bin gemunsa. Wani ya fara tafi a hankali, sauran suka bi, don ba wanda zai iya kallon tsohon nan yana kuka ya hana shi tafi.

Aka jawo akwatinsa. Ina buɗewa suna tsartuwa, ina zubawa ana miƙa wa juna, warin yana bin layi-layi har ƙarshen tanti. Na ga wata mata ta ajiye burodinta, ta san ba za ta ƙara cinsa ba. Kowa ya riƙe kofinsa yana kallon na kusa da shi. Mutanen nan ba wawaye ba ne, a cikin fure suka girma. Sun san Noeline ta yi ciwo da sanyi, sun ga ta rame, yanzu kuma ga amsar a hannunsu tana wari.

Marama ce ta fara. Ta ɗaga kofi wajen Warwick, ta ce, "Barka, Kawu," ta rufe ido ta shanye a tashi ɗaya, ta kife a kan tebur. Daga nan kowa ya bi. Ban taɓa ganin abin ƙyama irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Manoma masu wuyan bijimi suna haɗiya idanunsu na ruwa. Mai gemun nan na birni ya yamutsa fuska, amma ya shanye, dole in yaba masa. Matar limamin coci ta toshe baki da hankici bayan ta gama, ta zauna tana kallon rufin tanti tana addu'a. Ni ma na sha nawa, kuma har gobe in na wuce garken awaki sai miyau ya taru mini a baki. Kofuna suka riƙa sauka a kife, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya bar ko ɗigo.

"Ta yi daɗi ko?" Warwick yake tambayar na kusa da shi. "Na ce muku na canja fure."

"Ba a magana, Warwick," aka ce masa. "Ba a magana."

Noeline tana zaune tana kallonsu, hannayenta a kan cinya. A haka ta zauna har aka watse.

Ni na mayar da ita gida a mota da la'asar. Da muka zo daidai gonar da ke kusa da ɗakin busarwa ta ce in tsaya. An riga an sare kurangun, sai wayoyi da dogayen turaku tsirara, amma a bakin shinge akwai wata da masu girbi suka tsallake. Ta fita ta tsaya a gabanta, na bi ta.

"Me ke cikin giyar Warwick?" ta ce.

"Noeline, bar maganar."

"Na tambaye ka me ke cikinta."

"Tumbuɗi da bunsuru. Da wani abu da ban san sunansa ba."

"Ta kusa da ita fa, wadda na ajiye ta biyu?"

"Ta Marama ce. Ban taɓa jin irinta ba."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Tun kafin ka faɗa na sani. A kwarin nan ko shayi aka ba mutum sai ya kai hanci kafin ya kai baki. Yau babu wanda ya shinshina. Duk riƙe numfashi suka yi, ina kallonsu." Ta yi tsaki. "Tun ina da ƙarfina nake gaya musu gaskiya a kan ƙazantarsu, ban taɓa rage wa kowa ba. Yau rana ɗaya da nake bukatar mutum ɗaya ya tofar ya ce, Noeline, wannan guba ce, sai suka shanye. Har yarinyar da na koya wa aiki. Tausayina suka ji, Desmond. Sun haɗiye fitsarin akuya don kada tsohuwa ta ji kunya."

"Don suna sonki ne."

"Shi ne abin da ya fi tayar mini da zuciya."

Ba ta sake zama a wannan kujerar ba. Kwamiti suka yi ta aike, ta ce musu ƙafarta ke ciwo, su ma suka yi kamar sun yarda. Marama ce ke alƙalanci yanzu, tana da hanci amma bakinta ya cika ladabi, mutane sun ragu. Warwick ya rataye kyautarsa a garken awaki, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa komai.

Amma a ranar gasar, kafin mu koma mota, ta miƙa hannu ta tsinko fure ɗaya daga kurangar nan da aka manta. Ta murza shi tsakanin tafukanta yadda ta saba, har garin ya rina mata fata. Ta fara ɗaga hannun zuwa fuskarta, sai ta tsaya a rabin hanya. Ta juyo ta miƙo mini tafukan.

"Shinshina ka gaya mini yadda na bana yake."

Na sunkuya na shinshina hannun matar yayana.

"Yana da ƙamshi," na ce.

"Ƙamshin me, sakarai?"

Na sake shinshinawa, na yi iya ƙoƙarina, amma ban san abin da zan ce mata ba. Ta tsaya a haka da hannuwanta a buɗe, tana jira.